Hazir Ne, Ba Nazir Ba

Kafin kowa ya gani, ni Natthu mai keken doki na gani. Duk wanda ya ce maka ya riga ni, ka tambaye shi tsanin nan matakala nawa gare shi, za ka ga ya fara sosa ƙeya. Bakwai ne, ta uku a karye. Ni da kwalara ta kwashe 'yan uwana biyar ta tsallake ni, ni da ambaliyar kogin Ramganga ta tafi da rufin ɗakina ina kan reshen mangwaro kwana biyu ina kallonta, me zai sa in yi ƙarya a kan bango? Ban taɓa zama a aji ba, gaskiya ne. Amma ido ba ya neman takardar shaida.

A shekarar nan ce da gwamnati ta ɗaure bakin jaridu, har mutum in zai yi atishawa sai ya waiga. Gari ya fara wayewa, na ɗaura wa goɗiyata Bijli linzami zan tari jirgin ƙasan safe, na ratso ta Layin Marina. Sai ga mutum a kan tsani, jikin bangon shagon Nazir mai gyaran keke, ya naɗe dhotinsa, zanen nan da maza ke ɗaurawa, har gwiwa, gwangwanin baƙin fenti a rataye a wuyan hannu. Munshi Girdhari Lal ne. Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗora yatsa a leɓe, na kaɗa linzami.

To, ga yadda abin ya faro.

Munshi Girdhari Lal ya yi shekara talatin da huɗu yana akawu a kotu kafin ya ajiye aiki. Hindu ne ɗan Hindu jikan Hindu, kullum da ɗigon ja a goshi, ko ƙwai bai taɓa sawa a baki ba. Amma a zamanin da ya yi karatu, Urdu ake koya wa duk yaron da ubansa ke son ya zama mutum, don haka da shi yake rubuta komai, daga dama zuwa hagu, har jerin cefane. Rubutun Hindi kuwa, mai haruffa rataye a layi kamar shanya a igiya, bai taɓa zama a hannunsa ba. In ya aika wa 'yarsa Sarla wasiƙa a gidan aurenta, sai ta nemi ladanin unguwarsu ya karanta mata. Jikokinsa cewa suke kakansu da baya da baya yake tafiya a takarda.

Kuma mawaƙi ne, ko dai shi ya ce haka. Kowane mawaƙi yana da laƙabin da yake dasawa a baitinsa na ƙarshe, kamar yadda makiyayi ke sa wa saniyarsa tambari. Shi ya zaɓi kalmar da ta fi shiga kunnensa a duniya. A kotu, masinja yakan tsaya a ƙofa ya ƙwala kiran sunan wanda ake nema, shi kuma ya amsa, "Hazir!" wato ga ni. Sai ya zama Hazir. Shekara arba'in yana zuwa taron waƙa, shekara arba'in ana sa shi ya yi karatu da farko, lokacin da mutane ke neman wurin zama suna ciniki da mai ganyen pan na taunawa. Manya ake ajiyewa ƙarshe. Mutum ɗaya ne ya taɓa ce masa "wah, wah", wato madalla, da ƙarfi, shi ma daga baya aka gane kurma ne.

Bangon Nazir kuwa yana daidai kwanar da ake fitowa daga tashar mota, ga kwata toshe a gindinsa tun bara. Duk wanda fitsari ya matsa, nan yake sauke kayansa. Nazir yaro ne a wurin Munshi, a kan cinyarsa ya yi wayo, Chacha yake ce masa kamar ƙanin ubansa. Makarantar gwamnati ya yi, Hindi ya iya. Ya ɗauki gawayi ya rubuta da manyan haruffa cewa jaki ne kaɗai ke fitsari a nan. Jakai suka ƙaru. Munshi ya rubuta wa Ciyaman na gari takardar koke har bakwai a kan kwatar, ko ɗaya ba ta haifi amsa ba.

"Chacha, zan sayar da shagon nan," in ji Nazir wata rana, ya toshe hanci da tsumman mai. "Kwastoma ya kawo faci, kafin in sa gam ya gudu da keken a kafaɗa."

"Bar ni da su, ɗana," in ji Munshi. "Ara mini tsaninka."

Abin da ya rubuta, layi takwas ne, da irin rubutun nan nasa mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa. Ban iya karantawa ba, amma na haddace shi fiye da sunayen jikokina:

An kira ruwan famfo, shiru. An kira wari, hazir.
An nemi mai gyaran kwata, babu. Sauro da ɗiyansa, hazir.

Mai kujera ya ce fitila za ta zo kowane lungu;
Fitilar tana hanya, hotonsa dai a bango, hazir.

An ce mu yi shiru ƙasa ta huta, to ga shi mun yi;
Harshe na tsare bayan haƙora, amma tari, hazir.

In an tambayi wa ya rubuta, kada a wahalar da kowa;
Ba sai an aiko sammaci ba, ga Hazir nan, hazir.

Munshi ya sauko daga tsani, ya koma gida ya zauna yana jiran gari ya ɗauka. Gari bai ɗauka ba. Abin da ya faru ya fi haka ban mamaki.

Mutumin farko da ya sauko daga motar safe ya nufi bango yana kwance mazagi, ya ɗaga kai, ya ga rubutu daga dama zuwa hagu. Ya ɗaure wandonsa da sauri, ya taɓa kunnuwansa biyu don neman gafara, ya yi gaba yana matse ƙafafu. Kafin azahar magana ta zaga: Musulmi sun rubuta ayoyinsu a bangon Nazir. Hindu ba ya son ya ja faɗa, Musulmin da bai iya karantawa ba yana tsoron zunubi. Kwana uku bango ya bushe. Kwana biyar wata tsohuwa ta share gindinsa ta kunna turare. Mata masu zuwa kasuwa suka riƙa shafa shi suna sumbatar yatsu. A rana ta bakwai Ciyaman da kansa ya wuce a motarsa, ya sunkuyar da kai da ladabi a gaban baitin da ke zagin fitilarsa.

Tsofaffin layin da suka iya Urdu, Hindu da Musulmi, duk sun karanta, duk sun san hannun waye, duk suka haɗiye dariyarsu. Munshi kuwa ya rasa farin ciki zai yi ko baƙin ciki. Wari ya tafi, amma waƙar da ya fi so a rayuwarsa ta zama maganin fitsari.

Rana ta tara wani tsoho mabiyin addinin Sikh, direban babbar mota, ya tsaya sa iska a taya. Irin mutanen Punjab na da, Urdu ya sha da nono. Ya gyara rawani, ya karanta layin farko, ya fashe da dariyar da ta tada tattabaru daga kan waya. Ya karanta sauran da ƙarfi, yana dukan cinya, mutane suka taru. Kafin ya tada motarsa, yaran layi na bin juna suna ihu, "Sauro da ɗiyansa, hazir!"

Washegari da hantsi sai ga Daroga Rathaur, shugaban 'yan sandan yankin, da gashin baki murɗe kamar ƙahon rago. Ya tsaya gaban bango ya kai kallo daga hagu zuwa dama, bai ga komai ba. Ya sa aka kira masa Hafiz Ishtiyaq, ladanin masallacin layin.

"Karanta mini, Hafiz-ji. Kada ka tsallake ko ɗigo."

Hafiz ya goge tabarau, ya karanta a hankali, fuska a ɗaure kamar mai ta'aziyya. Da ya kai ƙarshe Daroga ya ce, "Tsaya. Wane suna ka ce?"

"Hazir, ranka ya daɗe."

"Babu mutum mai suna Hazir. Nazir dai."

"Hazir ne a rubuce."

"Idonka ya tsufa. Rubutun naku ne, bangon na Nazir ne, sunan Nazir ne. Biri ya yi kama da mutum." Ya juya. "Kai, Nazir, ajiye famfon nan."

Munshi yana wurin, a bayan taro, ƙarƙashin lemarsa. Ya buɗe baki. Ya tuna fanshonsa, ya tuna ƙirjinsa mai kuka da sanyi, ya tuna cewa a shekarar nan wanda aka ɗauka ba a faɗin ranar dawowarsa. Bakin ya rufe da kansa. Nazir ya hango shi ta tsakanin kawunan mutane, ya ɗan girgiza masa kai, alamar kada ya ce komai, ya shiga mota da baƙin mai a hannuwansa.

Kwana biyu Munshi bai ji ɗanɗanon abinci ba. Rana ta uku ya ja ƙafa zuwa wurin mai shayi, ko zai ji labari. Ya ji kuwa, har ya fi abin da ya nema.

"Ustad Nazir, gwanin mawaƙa!" in ji Lallan wanzami, yana hura kofinsa. "Kullum yana gabanmu da sifana, ashe zaki ne a kwance. An ce daga unguwanni uku ake kai masa biryani, shinkafa da nama."

"Ai a jininsu yake," in ji wani mai sayar da yadi. "Harshensu ne. Irinmu ko mun shekara ɗari ba za mu haɗa baiti ɗaya ba. Ji fa: fitilar tana zuwa a kan hanya, amma kuma hoton nasa yana bango..."

"Ba haka ba ne!" Munshi ya dire kofi har shayi ya fantsama. "Ka karya masa ƙafa! Fitilar tana hanya, hotonsa dai a bango. Ina ka samo amma kuma?"

Suka dube shi da tausayi.

"Munshi-ji," in ji Lallan, "kai dattijon kirki ne, takardun kotu ka sani. Wannan kuwa Urdu ne. Ka bar wa masu abu abinsu."

Ya tashi bai ƙarasa shayin ba. Tun ana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, bai taɓa ganin inda mutum ɗaya ya haɗa bugun da kuɗin ba, shi kuma mai kurar ya tashi a tutar babu. Kunya na cin sa ta dama, kishi na cin sa ta hagu, kuma in za a faɗi gaskiya bai san wanne ya fi haƙora ba.

A gida ya tarar da matarsa Kaushalya tana murza gurasar roti, tana buga shi a faranti da ƙarfin da ya wuce na roti. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta taɓa rasa hanyar da za ta same shi ba.

"Matar Nazir ta zo," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta ce, Chachi, ina wuni. Ta zauna nan. Na ba ta shayi, ya huce a hannunta. Ta tashi ta tafi."

Munshi ya zauna a bakin gado yana duban yatsun ƙafarsa.

"Baban Sarla, ni jahila ce, ka taimake ni. Waƙar nan da ka karanta mini sau uku ina tsintar shinkafa, yaya ma ƙarshenta yake? Kamar na ji an ce kada a wahalar da kowa. Kamar na ji an ce ba sai an aiko wani abu ba."

"Waƙa ce, mace. A waƙa mutum yakan ce ya mutu sau goma don soyayya, kuma ya tashi ya ci abincin rana."

"Au, to. Na zaci kai ne Hazir ɗin. Ashe wani ne."

"Fansho fa? In suka tsayar, me za mu ci?"

"Na ci miyar wake ba gishiri a gidan nan lokacin da kake sayen tawada da kuɗin cefane. Ban mutu ba." Ta miƙa hannu bayan buhun alkama ta jawo ƙunshi. Bargo ne, da maganin tarinsa, da roti shida, da littafin addu'o'insa na safe. Tun jiya ta ɗaure shi. "Sa rigar ulu. An ce ƙasan wurin da sanyi."

Wa kuke tsammani ya kai shi? Keken doki nawa ne a garin, amma ni ya kira. Na ƙi karɓar ko paisa ɗaya, kuma na bi shi har ciki, don wanda ya ga farkon abu shi ya cancanci ganin ƙarshensa.

Daroga yana cin alewar jalebi a kan wata takarda. Ya ga ɗigon ja, ya ga furfura, ya miƙe rabin miƙewa.

"Munshi-ji! Ku ba shi kujera. An sace maka wani abu ne?"

"An sace, Daroga sahib. Waƙata. Ni na rubuta abin da ke bangon nan. Na zo a kama ni."

Daroga ya dube shi, ya dubi 'yan sandansa uku, ya yi dariya har sikari ya faɗo daga gashin bakinsa.

"Allah ya ƙara mana irinka. Maƙwabci ya shiga uku, ka zo ka ɗauke masa. Koma gida, Baba. Wannan aikin nasu ne."

"Su wa?"

"Ka sani mana. Masu rubutu da baya."

Munshi ya kwance ƙunshinsa, ya fito da littafin addu'a, ya buɗe shi a kan tebur. Daroga ya ga rubutun daga dama zuwa hagu, ya janye hannunsa mai danƙo da sauri.

"Kai, Munshi-ji, ɗauke littafinsu daga nan, hannuna ba tsarki! Ka so ka jawo mini tarzoma?"

Munshi ya sa yatsa a layin farko ya fara rerawa. Yabon Ram ne, abin bautar Hindu, irin yabon da uwar Daroga ke yi kowace safiya. Wani ɗan sanda tsoho ya haɗa tafin hannuwansa bai sani ba.

"Na ubana ne," in ji Munshi. "Da shi ya yi ibada har ya mutu, kuma ban ji an ce Ram ya mayar masa da addu'a don ta zo daga dama ba. Harshe, ɗana, ba a yi masa kaciya, ba a ɗiga masa ja a goshi. A kasuwa aka haife shi, kowa ya ba shi nono. Miƙo takardar da ka ci jalebi a kai. Karanta mini abin da ka rubuta a kan Nazir."

Daroga ya karanta layi biyu, don ya nuna masa hukuma ba wasa ba ce.

"Tsaya," in ji Munshi. "Mulzim, ka ce, wanda ake tuhuma. Giraftar, an kama shi. Taftish, bincike. Wannan wane harshe ne? Shekara talatin da huɗu ina kwafe rahoton 'yan sanda. Urdu kuke rubutawa tun kakanninku, kun dai rataye shi a igiya ne kawai."

Daroga ya murɗa gashin baki. "Iya karatu daban, yin waƙa daban. Ku fito da mawaƙin."

Aka fito da Nazir. Bai rame ba ko kaɗan, har wani ƙyalli yake yi. Ya ga Munshi, ya ga bargo, ya gane.

"Ni na rubuta, ranka ya daɗe," in ji shi da sauri. "Chacha tsufa ne ke damunsa. Jiya ma an ce ya sa takalmi a kai."

"Ɗan banza! Ni na wanke maka gindi kana jariri!"

"Ka gani ko, ranka ya daɗe? Sambatu."

"Maƙaryaci! Ɓarawon baiti!"

"Chacha, don Allah ka tafi gida, ƙirjinka ba zai ɗauki wurin nan ba."

Tun da aka gina ofishin nan ba a taɓa ganin mutum biyu suna kokawa a kan laifi ɗaya ba. Daroga ya daki tebur.

"Kai, Ustad. Tunda kai ne, karanta mana."

Nazir ya gyara tsayuwa kamar mai hawan keke ba sarƙa. "An kira... an kira famfo, bai zo ba. Sauro ya zo. Da iyalinsa. Sai kuma... wari ma ya zo."

Munshi ya toshe kunnuwa yana nishi, kamar wanda ake yanka ɗansa a gabansa.

"Wayo yake yi," in ji Daroga, amma muryarsa ta fara raurawa. Ya juya ga Munshi. "Wanda ke bango kowane yaro ya haddace. In kai ne, yi sabo. Yanzu, a nan, ina kallonka."

Munshi ya dubi mutanen da ke ɗakin. Shekara arba'in yana neman masu sauraro da ba sa ciniki da mai pan, yau ga su: Daroga, 'yan sanda uku, Nazir, da ni a bakin ƙofa da bulala. Ya gyara rigar ulu, ya ɗaga hannun dama kamar yadda manya ke yi.

"Da izininku."

"Bismilla," in ji tsohon ɗan sandan, don da haka ake amsa wa mawaƙi, kuma bakinsa ya riga hankalinsa.

Munshi ya ja layin farko a hankali:

"Ɓarawo ya kwashe layinmu, wata uku muna kiran hukuma..."

Ya maimaita shi, yadda ake yi, don ya zauna a kunne. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya. Mawaƙi na ƙwarai ba ya ƙarasa baitinsa da kansa. Yakan kawo shi bakin rami ya sake shi, masu sauraro su cafe amshin kafin ya faɗi. Ba a koya wa kowa wannan, kamar hamma yake.

"Bango ya yi tari sau ɗaya, sai ga Daroga da motarsa..."

"Hazir!"

'Yan sanda uku ne suka faɗa, da Nazir, da ni, da wani ɓarawon akuya daga cikin ɗakin tsaro. Amma muryar da ta fi kowacce kauri daga bayan tebur ta fito. Har ya ɗaga hannu zai ce "wah" kafin ya ga hannun a sama, ya mayar da shi kan gashin baki kamar dama can nan ya nufa.



"To," in ji Munshi a hankali, da muryarsa ta akawu. "Rabin baitin nawa ne. Kalmar da ta sa ya zama laifi kuwa, Daroga sahib ne ya faɗe ta, a ofishin hukuma, gaban shaidu. In za a rubuta, a rubuta duka."

Daroga ya share gumi. Ya duba rahotonsa, wanda ya riga ya cika shafi biyu da labarin wani mai tada zaune tsaye daga cikin Musulmi.

"Yanzu ni yaya zan yi da wannan? Na gaya wa na sama na kama mutumin."

"Harafi ɗaya ne ya ɓata maka aiki. Kankare na farkon. Sauran shafin kuwa, ba ni alƙalami in nuna maka yadda ake gyara rahoto ba a ga tabo ba."

"Munshi-ji, in na rubuta sunanka, sai na rufe ka. Ba ni da yadda zan yi."

"To da me ka ga na zo da bargo?"

Aka buɗe wa Nazir ƙofa. Ya tsaya yana jan ƙafa, ido ya kawo ruwa, ya sunkuya ya taɓa gwiwar Munshi.

"Chacha, wallahi da ka bar ni. Na saba da wurin."

"Ka saba da biryani dai. Tafi, matarka ta bar shayi ya huce a gidana. Kuma in na ƙara jin an ce maka Ustad ka amsa, sai na fasa maka kai da famfonka."

Aka kawo babban littafin ofis don ya sa hannu. Daroga ya nuna masa gefen hagu. Munshi ya ɗauki alƙalami, ya tsallaka can gefen dama, ya rubuta sunansa da na ubansa, sannan ya ƙara laƙabin da manyan haruffa, har ya ci layin ɓarawon akuya.

Kwana goma sha ɗaya ya yi. Biryani ya ci gaba da zuwa kwana biyu kafin unguwanni su gane an canja mawaƙi, kuma sabon ba ya cin nama. Sai matar Nazir ta koma dafa masa shinkafa da alayyafo a sabuwar tukunya, Kaushalya na kaiwa. Ya fito da tari mai tsanani da fuskar ango. Fanshonsa ya yi wata shida yana hanya, irin tafiyar fitilar Ciyaman. Lallan wanzami ya rantse wa duk wanda ya zauna a kujerarsa cewa shi tun farko ya san hannun Munshi-ji ne. Da aka saki bakin jaridu aka sake yin taron waƙa a garin, Munshi ya shirya tun da wuri kamar kullum, ya zauna yana jiran a kira shi da farko. Aka kira wani. Aka kira wani. Ya fara fushi, ya ɗauka an manta da shi, har ya jawo lemarsa zai tafi. Sai da kowa ya gama, mai gabatarwa ya ƙwala kira irin na masinjan kotu, kuma kafin tsohon ya buɗe baki, filin gaba ɗaya ya amsa masa.

Bangon kuwa, sau uku hukuma na shafe shi da farar ƙasa. Fentin jirgin ƙasa ne Munshi ya yi aiki da shi, ni na san inda ya samo, kuma ba zan faɗa ba. Duk damina, ruwan farko in ya sauka, haruffan sai su leƙo ta ƙarƙashin farin kamar masu amsa kira. Munshi ya daɗe da tafiya, Daroga ya tafi, Ciyaman ya tafi bai kawo fitila ba. Ni ina nan.

Wanda ya ce ƙarya nake, kada ya tsaya musu da tsoho. Ya sauka a tasharmu da damina, ya tambayi Natthu, jikar Bijli za ta kai shi Layin Marina kyauta. Zan saya masa shayi kofi huɗu da kuɗina, in jira su sauka. Sannan ya je gaban bangon nan, rana tsaka, ya kwance mazagi in ya isa. In ya gama bai ji layin gaba ɗaya ya amsa masa "Hazir!" da murya ɗaya ba, ya kama linzami ya tafi da goɗiyar, ni in koma gida a ƙafa.